Dakta a Shagon Babansa

A shagon ɗinkin babansa Dakta ya girma. Da ya zama malamin jami'a mai nazarin zaman jama'a, nan ya koma, shekara uku yana rubuta yadda teloli ke faɗa su shirya. Har ashariyar kawunsa sai da ta shiga littafi. Ya samu ƙarin girma, amma yanzu da ya leƙo sai hira ta mutu, kowa ya duƙufa kan keke. A jami'a kuwa, shekara ashirin ba mai tambayarsa komai sai zancen teloli.

Rannan ya zauna gefen babansa, ko biro bai ɗauko ba. Tsohon ya tsinke zare da haƙori, ya ce, "Yau wa ya zo? Ɗana, ko mai rubutawa?"