Bindigar da Na Zaɓa wa Ƙanena

Aji huɗu na yi a firamare, kuma a ƙauyenmu na bakin kogin Kwara, can ƙasar Bagudo, wannan ya isa a kira mutum masani. Ni ke karanta wa mutane wasiƙa, ni ke duba takardar magani. Na faɗi haka ne don a san girman malamin da ya tafka abin da zan ba da labari.

Shekarar da aka fara Shari'a a jiharmu ce. Mutanen birni na ta zancen dorinar alƙali, wato bulala, mu kuwa dorina mai ƙafa huɗu ce ta dame mu. Uwa ce da ɗanta, ta tare a wani gurbi mai zurfi daidai gaban gonarmu ta shinkafa. Gonar gado ce, tawa da ƙanena, amma shi ke hayewa cikin kwalekwale kullum da sassafe, ya tarar an cinye wani ɓangare, an tattake wani. Ya buga gwangwani, ya ƙona tsohuwar taya, ya gina rami. Sau biyu ta taso masa a tsakiyar ruwa. Matarsa ta zo ta durƙusa ta ce in yi wani abu tun ba a kawo mata gawa ba.

Mun kai kuka, aka ce dorina dabbar gwamnati ce, mu jira. Masunta, waɗanda suka gaji saninta tun kakanni, suka ce a ƙyale ta, in ɗan ya yi ƙwari ruwa ya ja, da kanta za ta tashi. Na ce musu kafin nan sai mu ci ciyawa.

Ana nan na sayi tsire a kasuwar Zagga, aka naɗe mini shi cikin wata takardar Turawa. Da na warware sai ga hoton Bature riƙe da gajeriyar bindiga mai faɗin baki, gabansa wata dabba tsaye da ƙafa biyu, kamar kurar da ta ƙoshi ta shekara goma ba aski. Mai ya cinye rabin rubutun. Ragowar na yi kwana biyu ina haɗa baƙaƙensa, na fito da fatawa: in dabba ta cika girma, maganinta gajeriyar bindiga mai ƙaton harsashi, wadda ake zarowa da hannu ɗaya. Mai tuƙin kwalekwale kuwa hannu ɗaya ne ya rage masa. Na ji kaina ya yi nauyi don ilimi.

Na ƙetare zuwa Dahome, wadda yara ke kira Binin, wajen wani tsohon maƙeri Badende da ya yi suna a ƙirar bindiga. A lokacin duk wanda ya haye iyaka ana zargin abin sha ya bi, tunda an rufe na gida. Da na dawo har limaminmu sai da ya matso kusa da bakina sa'ad da muke gaisawa.

Maƙerin ya daɗe yana duban hoton, sannan ya tambaye ni ko wannan dabba cikin ruwa take kwana. Na ce takarda ba ta faɗa ba.

"Malam, wagga gashi gare ta," in ji shi. "Taku kuwa hwata, kaurinta ya kai tahin hannunka. In kah halbe ta ba ta mutuwa, amma ta san ka ke nan."

Ya ɗauko doguwar bindigar baushe ya ce in ɗauki wannan, a cika ta da albarushi kawai, a harba sama, ƙara da hayaƙi su riƙa korar ta daga gona. Na ce Bature ba ya ɓata tawada a banza. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce in dawo bayan mako guda. Na dawo na karɓi gajeriya, nauyinta kamar taɓarya.

Ƙanena ya juya ta a hannu, ya ce masunta fa sun hana. Na karanta masa takardar da ƙarfi, har da wurin da mai ya cinye. Ya ce, "To, Yaya, kai ka yi karatu." Ya sa ta cikin buhu.

Kwana huɗu bayan haka, rana na ɗagowa, ina bakin gaɓa na ji ƙarar. Ƙanena ya sami dorinar a kafaɗa, ta nutse, ruwa ya yi ja. Kwana biyu ba a taɓa shinkafa ba. Na yini a gindin tsamiya ina yi wa jama'a bayanin yadda harsashi ke aiki. A rana ta uku ta ɓullo ta ƙarƙashin kwalekwalensa. Masunta ne suka ciro shi, bindigar ta tafi ƙasan ruwa. A asibitin birni aka yanke masa ƙafar da dorinar ta tauna, daga gwiwa.

'Yan dubiya suka cika ɗakin, wani dattijon masunci ya tambaye shi wa ya ba shi wannan shawara. Ina tsaye riƙe da kwanon kunu. Ƙanena ya ce shawarar kansa ce. Na miƙa masa kunun.

Da abin ya hana ni sakat, na je wajen malami na ce ina da tambaya game da wani mutum, wanda ya ba wani mutum wani abu. Ya bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan ya ce wani mutumin ya je ya nemi gafarar ƙanensa.

Na sami ƙanena a zaure yana gwada sanda. Na fara magana ya katse ni.

"Bari wanga zance, Yaya. Ni nid danne kunama. In mutane sun ji, wa za ya ƙara kawo maka wasiƙa?"

Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da sandar. Sai ya tambaye ni ko an samu masu yanke sauran shinkafar. Ya yi shekaru yana dogara wannan sanda, har ya rasu bai gaya wa kowa ba. Ni ma ban faɗa ba sai yau.