Kaset ɗin Bikin Adda Hajara

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, ana saura kwanaki kaɗan bikin yayata, Adda Hajara. Na dawo daga makaranta na tarar da falonmu na unguwar Bagadaza kaca-kaca da wayoyi, babban wanmu Hamma Sani ya durƙusa a bayan talabijin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya aro na'urar sidi da faifan waƙoƙin biki a wurin maƙwabcinmu Malam Yohanna, malamin sakandare, da sharaɗin zai mayar ranar Juma'a domin masu waƙar cocinsu na jiranta. Rikodarmu ta daɗe da mutuwa, sai bidiyon Baba kawai ya rage. Wani abokin Hamma ne ya ce masa ya kwafi waƙoƙin a kaset ɗin bidiyo, wai yana ɗaukar sauti, kuma zai yi ta zuba waƙa ba sai an juya shi ba.

Dada, mahaifiyarmu, ta rantse ba mai taɓa kaset ɗin dawowar Baba daga Makka, don haka aka sadaukar da wani tsohon fim ɗin Indiya da muke matuƙar so. Hamma ya liƙe ramin gefensa da salatif, sannan ya kafa doka: "Duk wanda ya yi tari, zai fito a kaset." Dada ta ajiye taɓarya, ni aka ɗora wa korar kaji da rarrashin ƙanina. Ina jiyo ƙawayena suna gaɗa a ƙofar gida, ina zaune kamar an ɗaure ni. Waƙa ta kai tsakiya sai ɗif, aka ɗauke wuta. Da ta dawo sai ta zo ba ƙarfi, muryar mawaƙiyar ta koma ta ƙato. Washegari bidiyon ya tauna zaren, Hamma ya zauna yana warware shi da tsinken tsintsiya yana tsaki, mu kuma ba halin dariya.

Ranar Juma'a Malam Yohanna ya shigo karɓar kayansa, ya same mu tsit kamar gidan makoki. Da ya ji dalili ya yi dariya har da riƙe ciki. "Sani, ai ta waya sautin ke bi. Ko ganga kuka buga ba za ta shiga ba." Dada ta dubi hatsinta da ya kwana biyu ba a surfa ba, ta dubi Hamma. Ni kam kuka na yi don takaici. Malam ya ƙara mana lokaci zuwa la'asar, aka samu aka gama.

Ranar kamu gida ya cika da mata, an fito da talabijin tsakar gida, amma wuta ko ƙyas har magariba. Da Goggo Asabe ta gaji da jira sai ta kife ƙwarya a baho mai ruwa ta hau kiɗa, mata suka miƙe, Adda tana dariya a cikin mayafi. Hamma yana zaure rungume da kaset, ko abinci ya ƙi ci.

Yanzu 'yata tana tura waƙa daga wayarta zuwa tawa kafin in gama ɗaura ɗankwali, gobe kuma ta manta da ita. Waccan waƙar da wuta ta yi ta yankewa har yau ina iya rera ta, amma iyakata tsakiya.