Dogon lens ɗin Yaya Sabo

Ɗazu matata ta dire albam ɗin aurenmu a gabana ta ce, "Don Allah nuna min ni a ciki."

Na nuna mata ɗankunne guda a cikin duhu. Ita ce. Hancin da ke shafi na gaba kuma nawa ne.

Yayana Sabo ne ya ɗauka. Lokacin da noma ya daina riƙe gida, ya sayar da bijiminsa a kasuwar Gwarzo wai zai zama mai hoto. Ni na raka shi Kano sayen lens, wato gilashin gaban kyamara.

Mai shagon ya miƙo wani ɗan gajere ya ce, "Malam, ɗauki mai 1.8. In lambar ta yi ƙasa, ƙofarsa ta fi buɗewa, haske ya fi shiga. Ko a ɗaka zai yi maka aiki."

Yaya ya harare shi. "Bijimi na sayar, za ka ba ni kofin shayi? Sauko min da dogon can mai 6.3. Ai shida ta fi ɗaya."

Ya manta tun zuwan Shari'a an daina taron biki a titi. Ranar aurenmu a Kabo, gidan surukaina, ɗan ɗaki mai taga ɗaya aka ba mu. Dogon lens kuwa na nesa ne, kuma sai da haske. Yaya ya yi ta ja da baya har ƙeyarsa ta daki bango.

Har yau cewa yake surukaina ne suka gina ƙaramin ɗaki.

Ku faɗa min, kowane gida ke da Yaya Sabo, ko mu kaɗai aka jarrabta?