Ruwan Tsohuwar Teku

Asubar fari muka bar Potiskum, ni da abokin cinikina, wani mutumin Gadaka da bakinsa ba ya hutawa. Sana'armu ƙahon shanu: mu tara a kasuwa, mu tura Biyetnam, can a yi mataji da maɓalli da shi. Bana masu sayen suka ce mu zo mu ga masana'antar da idonmu. Da na je sallama, mahaifiyata ta ce ba ta son atamfa, sai dai in ɗebo mata ruwan teku a gora, tun da aka haife ta labarinsa kawai take ji.

Muka bi ta Azare zuwa Kano, daga nan jirgi ya miƙa mu ga wani jirgin. A Hanoi, babban birninsu, babura sun ninka na garinmu, kuɗinsu kuwa sifili ya yi musu yawa, sai ka sayi shayi ka ji kamar ka sayi bijimi. Saboda tsoron naman alade muka tare a kan shinkafa da kifi.

Da aiki ya ƙare, tafintanmu ya ce zai kai mu teku, amma ba inda 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo ba, akwai wani lungu a gefe da ba kowa. Muka hau ƙaramin jirgin ruwa da katan ɗin ruwan gora da burodi.

Ban taɓa ganin irin wurin ba. Duwatsu ne dogaye tsaye a cikin ruwa, ko'ina ka duba, kamar garke ya shiga tafki ya ƙi fitowa. Kansu duk itatuwa, gindinsu kuwa ruwa ya cinye har ya tsuke. Tafinta ya ce dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi. Na yi ta tambaya: ina itatuwan ke samun ƙasa, wa ya taɓa hawa, zurfin nan ya kai rijiyar unguwarmu? Da aka kashe inji, shirun ya yi yawa har mutumin Gadaka ya koma raɗa. Shi abu ɗaya ke cinsa, wai ga ruwa an rasa yadda za a yi da shi, mu kuwa muna bin 'yan garuwa da rarrashi.

Da azahar muka tsaya a wani gida da aka kafa a kan durom-durom yana yawo a bisa ruwa. Wata tsohuwa ce a ciki da mijinta, suna kiwon kifi a keji. Tafinta ya tsaya magana da mai jirgi, mu kuma muka yi wa tsohuwar alamar wanke hannu. Ta nuna mana wani shuɗin durom a bayan ɗaki. Zafi ya dame mu, ga shi a ganinmu mun zo ƙasar ruwa, sai muka saki jiki. Muka yi alwala, muka jiƙa kai, muka sake wanke ƙafa, abokina har hularsa ya ɗauraye. Tana tsaye tana kallo.

Tafinta ya zo ya leƙa durom, fuskarsa ta sauya. Ya ce ruwan shansu ke nan, sayensa suke daga wani jirgi da ke zagayowa jefi-jefi, kuma ba a sa ran zuwansa nan kusa. Dama saura kaɗan ne, mun kai shi ƙasa.

Kunya ta rufe ni. Mu da muka tashi ana auna mana ruwan wanka da kwano. Abokina ya zaro kuɗi, tsohuwa ta girgiza kai, ai ba mai sayarwa a wurin. Sai ya juya ya sauko da katan ɗinmu gaba ɗaya ya dire a gabanta.

"Gaya mata, Baba ta yafe mana," in ji shi. "A garinmu wanda ya yi haka, sai an yi shekara ana ba da labarinsa."

Ta yi dariya, ta cusa mana busasshen kifi mai gishiri. Ƙin karɓa rashin kunya ne, muka ci. Alwalar la'asar da ruwan teku muka yi ta, wanda tun farko ya halatta. Muka yini muna lasar leɓe saboda ƙishirwa a tsakiyar ruwa, kuma a ranar ne kaɗai na ga mutumin Gadaka ya yi shiru don kansa.

Da na dawo gida na miƙa wa mahaifiyata gorarta. Ta ɗaga ta a haske, ta shinshina, ta kurɓa kaɗan, ta tofar. Na gyara zama zan fara ba ta labarin duwatsu, sai ta tare ni.

"Allah sarki. To, su mutanen can, me suke sha?"

Na yi tafiyar nan ina tambaya kan dutse da itace da zurfin ruwa, wannan ɗaya ce ban yi ba.