Ranar da Waya Ta Kai Mu Cikin Rairayin Fayyum

A shekarata ta uku a Alƙahira abokin ɗakina a unguwar Darrasa ya sayi waya mai taswira. Bazazzagi ne, ni kuma Bakano, saboda haka dama ba ma rasa abin tsokanar juna. Wayar da muryar mace take magana, ta ce bi dama, ta ce bi hagu. Ko gidan burodin bayan layinmu za mu je, sai ya kunna ta.

Muna da wani dattijo Bahaushen Sudan a unguwar Hadayek el-Maadi, muna ce masa Kawu. Direba ne a gidan wani Bature a unguwar Dokki. Da aka shiga rikicin juyin juya hali Baturen ya koma ƙasarsu, ya bar masa ajiyar wata mota mai ɗaki a cikinta, irin wadda Misirawa ke kira karafan, ya ce ya riƙa motsa ta kada injin ya mutu. Akwai gado a ciki, akwai murhun gas, har da labule a tagogi.

Da muka gama jarrabawa Kawu ya ce mu zo ya kai mu Fayyum, mu ga wani wuri da ruwa ke zubowa daga kan dutse a tsakiyar hamada. Muka tashi bayan asuba tare da matarsa, wadda muke kira Inna. Ni da ita muna baya, abokina ya kame a gaba da wayarsa.

Mun wuce wani babban tafki kenan muka iso wata mararraba. Kawu ya rage gudu zai tambayi wani mai sayar da kifi, abokina ya ce ba sai an tambaya ba, ga gajeriyar hanya nan ta hagu, waya ta nuna. Kawu ya ce shi shekara talatin yana tuƙi, bai taɓa bin maganar macen da ba ya gani ba.

Inna ta ce daga baya, "Har wadda kake gani ma yaushe ka bi?"

Ina jin don ya ƙaryata ta ne ya karya kan motar hagu.

Da farko kwalta ce. Sai ta koma tsakuwa, sai sawun tayoyi kawai, daga nan sawun ma ya ɓace. Matar cikin waya dai ba ta fasa cewa a miƙe ba. Na tambayi abokina, shi da yake karatun hadisi, yaya aka yi ya karɓi ruwayar wadda bai san malaminta ba. A daidai lokacin motar ta yi wani nishi ta tsaya. Kawu ya taka totur, tayoyin baya suka ƙara nutsewa. Muna cikin haka muryar nan ta sanar da mu cikin ladabi cewa mun iso.

Muka fito. Rairayi ne ta ko'ina. Muka yi ta haƙa da murfin tukunya, muka rage iskar tayoyi, muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu, motar ta tauna tabarmar ta watso. Wayar ba sabis. Da na leƙa jarkar ruwanmu na ga ruwan ko rabi bai kai ba, dariya ta ɗauke mini.

Abokina ya ce zai koma da ƙafa ya nemo taimako. Kawu ya hana, ya ce a tsakar ranar nan ba mai barin inuwar mota, ya taɓa ganin abin da hamada ke yi wa masu gaggawa a can gida. Inna kuwa ta kunna gas ta ɗumama miyar kuɓewa, ta tuƙa asida, tuwonsu na Sudan. Ta zuba wa abokina ya fi na kowa, ta ce, "Ci, ɗana. Ma'alish, ba komai. Kai ne jagora."

Bayan la'asar Kawu ya hau saman motar ya hango kan bishiyoyin dabino can gabas. Ya ba mu gorar ruwa ɗaya ni da abokina, ya ce mu nufi can, mu riƙa waiwayen motar, in ta ɓace mana mu dawo. Mun yi tafiyar kusan awa guda, abokina da silifas, kafin muka faɗa gonar wani manomi mai tarakta.

Bai bari mun gama bayani ba sai da muka sha shayi. Ya karɓi wayar ya duba, ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce hanyar tana nan, ba ƙarya aka yi mana ba, sai dai rairayi ya binne ta tun zamanin mahaifinsa. Ya ɗauke mu a taraktar, ya ɗaura sarƙa ya finciko motar, sannan ya yi ta tafiya a gabanmu har bakin kwalta.

Rana ta kusa faɗuwa muka isa wurin ruwan. Tsayinsa bai fi katangar gida ba. Inna ta tsaya ta dube shi, ta tambayi Kawu ko akwai wani a gaba. Ya ce shi kenan. Ta gyara mayafinta ta nemi dutse ta zauna. Abokina ya cire silifas ya tsoma ƙafafunsa da suka yi bororo a cikin ruwan, ni ma na nannaɗe wando na zauna kusa da shi. Ruwan da sanyi ƙwarai.