Kaset ɗin da Ya Yi Wata Huɗu a Hannuna

A tsakiyar shekarun casa'in ina koyar da ilimin ƙasa a wata sakandare a Potiskum, ina zaune a ɗaki ciki da falo a Yerimaram. A falon akwai fiyano, babban akwatin kiɗan nan na Turawa da ake bugawa da yatsu. Ba saya na yi ba. Wani malami Ba'indiye ne da zai koma ƙasarsu ya rasa mai so, ya bar mini, muka ɗauko shi a amalanke. Zafin garinmu bai karɓe shi ba. Sautinsa duka ya sauka ƙasa da inda ya kamata, kuma mai gyaran irinsa, ina jin ko a Maiduguri da wuya a samu.

A jami'a na koyi bugawa, a wurin wani dattijo mutumin Jos, Baba muke ce masa, da ke zuwa koyar da kiɗa sau biyu a mako. Ba fannina ba ne, leƙe na yi wata rana ya ce in shigo in daina tsare masa iska. Abin da yake so, kuma ya sa muka so, shi ne kiɗan Turawa na wajen shekara ɗari uku da suka wuce, wanda suke kira barok. Hannun dama zai fara magana, na hagu ya biyo shi da ita, kafin ka ankara murya uku na tafiya tare ba mai taka ƙafar wani. Ban iya sosai ba. Ina faɗin haka ne ba don tawali'u ba.

Da ya yi ritaya ya koma gida, sai ya ƙirƙiro mana wata hanya don kada mu watse. Mu huɗu ne: shi, da ni, da wani likita a Zariya, da wata malama a Ibadan. Kaset ɗaya ne yake zagayawa. Baba zai fara, ya buga abin da ya zaɓa a fiyanon gidansa, ya yi 'yar magana a bayan kiɗan, ya aiko mini. Ni kuma in bar shiru na ƙirgen goma, in ɗora nawa, in yi tawa maganar, in aika Zariya. Haka har ya komo masa ya saurari kowa. Ya ce kada kaset ya wuce mako biyu a hannun mutum, kuma kada wanda ya taɓa na wani. Babu wanda yake da kwafi. Ba mu taɓa tunanin yi ba ma, tunda ai zai dawo.

Mai kai mini saƙo Zariya maƙwabcina ne, mutumin Danchuwa, direban tirelar da ke lodin shanu a kasuwa zuwa kudu. Karon farko da ya dawo ya tsaya a ƙofata yana dariya tun kafin ya yi sallama.

"Malam, na sa abin nan naka a hanya fa."

"Ai na ce kada ka sa."

"To na sa. Wallahi kafin Azare barci ya fara fizgata. Na ce wannan malamin zai kashe ni da shanun mutane. Babu ganga, babu waƙa, sai ƙil-ƙil-ƙil kamar ɗigar ruwa a bokiti. Wai har karatu aka yi kafin a iya?"

Na ce masa an yi. Ya ce Allah ya ƙara basira, amma da alama wanda ya koya mana bai gama ba shi ma.

Mun yi zagaye biyar ko shida lafiya. Ban tabbata ba, wataƙila bakwai.

Zagayen da nake son ba da labarinsa ya iso ne ana tsakiyar zafi. Baba ya buga wani yanki mai murya uku, a hankali, ya fi duk yadda na taɓa ji ya buga. Bayan nan ya yi magana ta wajen minti ɗaya. Ya gai da kowa, ya tsokani likita a kan hannun hagunsa, ya ce damina ta kusa a wajensu. Sai ya ce: "Kai kuma na Potiskum, ka buga sau ɗaya ka aiko. Kuskurenka muke so mu ji, ba na wani ba."

Na saurara sau biyu. Sai na ji duk abin da na shirya ya zama wasan yara.

Rakodata ƙarama ce, mai batir, don wuta ba abin dogaro ba ce. Nakan ɗora ta a kan kujera kusa da fiyanon, in rufe taga, in jira unguwa ta lafa, galibi tsakanin azahar da la'asar lokacin da rana ta kori kowa cikin ɗaki. In danna, in fara. Sai akuya ta yi kuka. Ko a fara daka a gidan baya. Ko tirela ta wuce ta girgiza ƙofa, musamman ranar kasuwa. Idan duniya ta yi shiru kuma, sai yatsana ya zame, don gumi, ko don ina jiran ya zame.

Duk lokacin da haka ta faru sai in mayar da kaset baya, in nemo daidai inda sautina na farko ya fara, in tsayar. Sannan in ciro shi, in zura biro a ramin, in ƙara juyi ɗaya baya. Dalilina shi ne akwai wata 'yar ƙara da rakoda ke bari idan an danna, ba na son a ji ta sau biyu a gane na sake. Juyi ɗaya kawai. A ganina tsanaki ne, irin na mai share allo har gefe.

Mako biyu ya wuce. Direba ya leƙo ranar lodi.

"Malam, ina maganin barcin?"

"Bai kammala ba tukuna. Sai wani satin, in Allah ya so."

"Sa ma in ya ƙi hawa mota ba ma ba shi sati. Wutsiya muke murɗewa."

Wani satin ma haka. Daga baya ya daina tambaya, sai dai in mun haɗu a masallaci ya ɗaga mini gira. Likita ya rubuto daga Zariya yana tambaya ko lafiya. Na amsa masa cewa aikin jarrabawa ne ya yi yawa, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Ban ƙirga sau nawa na sake ba. Kullum sau ɗaya ko biyu, wata rana uku, har wata huɗu. Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, ko da yake ba ya yi mini daɗi. Idan ina neman farkon nawa nakan ɗan zarce baya. Da farko shiru nake tararwa. Daga baya na fara tarar da muryar Baba. Daga baya kuma kiɗansa. Ya kamata in gane tun ranar da shirun ya ɓace. Ko dai ban lura ba, ko kuma na lura na kawar da kai. Na daɗe ina tambayar kaina wanne ne, kuma amsar takan canza.

Sai wasiƙa ta zo daga Jos, ba da rubutun Baba ba. 'Yarsa ce. Ta ce Baba ya faɗi kwana kaɗan bayan ya aiko mini kaset, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Ya daɗe a asibiti, yanzu yana gida. Ta ce yana yawan nuna rakoda, kuma sun gane wannan kaset ɗin yake nufi, don shi ne na ƙarshe da ya buga. Ta roƙe ni, idan yana hannuna, in aiko ko ban sa nawa ba. Ta ce ita ma tana son ta sake jin muryarsa yadda take a da.

Na mayar da kaset har farko, abin da ban yi ba tun ranar da ya zo. Na zauna a ƙasa. Kiɗan ya tafi yadda na san shi, murya ta farko, ta biyu, ta uku. Ya kusa ƙarewa, daidai inda muryoyin suke fara taruwa su koma gida, sai ƙas, sai ga nawa fiyanon ya faɗo ciki. Layi biyu na ƙarshe babu. Maganarsa babu, ko kalma ɗaya. Na juya ɗaya gefen, wai ko ta koma can. Na san ba ta koma ba, amma na juya.

Kwana uku ina rubuta wa 'yarsa wasiƙa ina yagawa. Abin da ya dace in yi a fili yake, in faɗi gaskiya in nemi gafara. A maimakon haka sai na ɗauko takardar kiɗan, don ina da ita, na koyi layi biyun nan. Na ce muryarsa dai ta tafi, amma aƙalla kada kiɗan ya tsaya a tsakiyar magana. Na saurari yadda yake jan sauti, na kwaikwaya iyakar iyawata. Wannan karon sau ɗaya na buga, don babu sauran abin da zan yarda in ƙara ci. Na goge ragowar nawa duka. Da na saurara, wurin haɗin ya fito kamar facin atamfa a jikin shadda. Fiyanona ya fi nasa ƙasa, ɗakina ya fi nasa kurma. Na gaya wa kaina wataƙila za a ɗauka batir ne ya yi sanyi.

Ban ba direba ba. Na shiga mota da kaina ranar Asabar, ta Bauci.

Na tarar da shi a falo, a kujera, an lulluɓe masa ƙafa da bargo. Fiyanonsa na gefe, an ɗora hotuna a kai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna da na hagunsa ya daɗe bai saki ba. 'Yarsa, wadda ta girme ni kaɗan, ta kawo shayi.

"Ƙanena, da kanka? Ai da ka aiko. Wannan hanya haka!"

"Ba komai, Yaya. Dama ina son in duba shi."

"Baba, ka ga ɗan gidanka. Ya riƙe maka kaya wata huɗu, yanzu ya zo biyan tara."

Gefen bakinsa ya motsa. Ina jin dariya ce.

Ta sa kaset. Na zauna ina kallon tabarmar ƙasa. Yatsun hagunsa suna motsi a kan bargo, suna bin muryarsu. Da aka zo wurin, na ɗago, don ban iya hana kaina ba. Yatsun sun tsaya. Bai kalle ni ba. Ya rufe ido har layi biyun suka ƙare, sai kaset ya ci gaba da huci, babu komai a kai.

'Yarsa ta jira. Ta ƙara murya. Ta jira.

"Ashe bai yi magana ba a wannan? Na ɗauka kullum yana yi."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe ma, ina jin. Abin da ya fito shi ne, "Wani lokaci yana yi."

Ta ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta kashe rakoda. Ta ce ko banza an samu kiɗan cikakke, za ta sa a yi wa ƙannenta kwafi. Ta yi mini godiya har sau biyu, ta fita duba girki.

Muka rage mu biyu. Ya yi mini alama in matso. Ya daɗe yana haɗa maganar, ina ganin wahalar a wuyansa, ni kuma ina shirya abin da zan ce idan ya tambaya. Da ta fito, guntu-guntu, cewa ya yi: "Ka yi sauri. A ƙarshen."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya jira, ko kuma ni na ga kamar ya jira. Na sunkuyar da kai. Ya juya fuska wajen taga. Da za ni tafi na sake durƙusawa, ya ɗaga hannun hagu kaɗan, ban san ko sallama ce ko gajiya ba.

Ya rasu kafin shekara ta zagayo. Na je ta'aziyya, aka sa kaset ɗin a falo don baƙi su ji, har da likita da ya zo daga Zariya. Na ga ya ɗan karkatar da kai a wurin haɗin, ya dube ni, ya mayar da ido ƙasa. Ni ma na kawar da nawa. Bayan wata biyu ya rubuto cewa mu ukun da muka rage mu ci gaba, shi zai fara. Na amsa cewa zan duba yadda aiki zai bari. Bai sake rubutowa ba.

Ban sani ba ko Baba ya samu ya gaya wa 'yarsa. Ina zaton bai gaya mata ba, don duk sallah takan aiko mini da gaisuwa, ni ma in aika mata lokacin bikinsu na Kirsimeti. Kwafin yana hannun 'ya'yansa biyar, da jikoki yanzu. Sun san shi a matsayin abin da mahaifinsu ya buga na ƙarshe a duniya, har zuwa sautin ƙarshe. Shekara biyu da suka wuce ta ce mini ƙarshen ne ya fi sa ta kuka, don a nan take jin hannunsa ya fara rawa. Na ce mata Allah ya ji ƙansa.