Ranar Da Na Tambayi Kakata Yaushe Za Mu Ci Gumba

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina jinkirin rubuto wannan, domin ban tabbata ko ya kai a kira shi jarrabawa ba. Amma ni dai ya hana ni sukuni na tsawon watanni, shi ya sa na ga ƙila zai amfani wani.

A lokacin ni saurayi ne da ya dawo Gusau bayan wasu shekaru yana karatun haɗa magunguna a ƙasar waje. Tun asali ni mai yawan fargaba ne, sai zaman can ya ƙara mini. A farkon zuwana na taɓa zolayar wata dattijuwa da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu, na ce mata in ta rasa miji ga ni, kamar yadda kowa ke yi wa sa'ar kakarsa a gida. Washegari aka kira ni ofis aka yi mini kashedi a rubuce. Ban ga laifinta ba, al'adarsu daban ce, amma daga ranar na ɗaure bakina. Na koma ba na furta kalma sai na auna ta, kuma ko mutum ne ya taka ni, ni ke fara ba shi haƙuri.

Da wannan halin na je Tsafe gaida kakata, wadda ta haifi mahaifina. A hannunta aka yaye ni, kuma tun ina rarrafe take kirana maigidanta. Tana hango ni ta rangaɗa guɗa, ta ce ga mijin banza nan ya dawo, wanda ya tafi ya bar ta ba cefane ba sabulu, ta ce ma ta kai ƙarata wurin alƙali an raba auren. Matan gidan suka zuba mini ido suna jiran in rama. Ni kuwa sai na durƙusa, na ce ta yi haƙuri ta yafe mini, karatu ne ya riƙe ni, kuma in sha Allahu zan gyara. Ta ƙara gwadawa, ta ce wuyana ya zama kamar na zakaran da aka fige, ko can ba su san tuwo ba ne? Na yi mata bayanin yanayin abincin ƙasar dalla-dalla. Na lura dariyar tsakar gidan ta mutu, amma na ɗauka girmama ni ake yi.

Zuwana na gaba sai na tarar an canza mini. Aka shimfiɗa mini darduma a ɗakin baƙi, aka kawo ruwan roba da abinci a sababbin kwanuka. Kakata ta fito da mayafi, ta zauna nesa, ta kira ni Malam, ta tambaye ni gajiya da aiki, ta yi mini addu'a, ta koma ɗaki. Haka muka yi ta yi. Na san wani abu ya lalace, sai dai na rasa ko mene ne. Na yi tunanin ko tsarabar da na kai mata ce ba ta yi mata ba, na ƙara kai mata turare da man zafi na gwiwa. Ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Wannan godiyar ta fi zagi yi mini ciwo.

Wadda ta warware mini ita ce taubashiyata, ɗiyar kawuna da ke aure a Bungudu. Na je yi mata barkar haihuwa, na fara jero mata gaisuwa cikin ladabi, sai ta katse ni. Ta ce don Allah bawa ya ajiye wannan wa'azin, ba gidan gwamna ya zo ba. Ta ce ashe kuɗin jirgin da aka kashe asara aka yi, an tura mutum an dawo da sanda. Sannan ta sassauta murya ta gaya mini abin da tsohuwa ke faɗa wa mutane: wai jikanta bai dawo ba, wani malami mai kunya aka aiko mata a madadinsa. Ta ce tun da na tafi take tanadin zagin da za ta yi mini, har tana gwada shi a kan matan gida, ga shi na zo na bar ta da kayanta a hannu. Kuma jikin tsohuwar ba kamar da ba, in ina da niyyar dawowa gida in dawo tun tana nan.

Ban ɓata lokaci ba. Da hantsi na shiga motar Tsafe, kamar yadda mahaifiyata ke nacewa a riƙa bin hanyar da rana. Ina jin ban taɓa shiga jarrabawar da ta ba ni tsoro kamar wannan tafiyar ba. Ina ta maimaita maganar da zan gaya wa kakata a zuciyata, ina cire wata kalma ina mayar da ita, ina tambayar kaina idan ta yi fushi fa, idan kuma bakina ya zama sanadin wani abu fa.

Da na isa kakata ta sa a ɗauko darduma. Na wuce dardumar na faɗa ɗakinta, na zauna a bakin gadonta, na jawo kwanon furarta na kurɓa. Na ce wannan ai ruwa ne aka nuna wa gero, na zaga duniya ban ga mace mai rowa irinta ba. Sai na rufe ido na ƙarasa, na ce ni fa na zo ne in ji yaushe za ta ba mutane wuri mu ci gumbar sadakarta, don mun gaji da jira.

Wallahi haƙurin ya riga ya zo bakina. Sai na ji mafici a ƙeyata. Ta ce ja'iri, sai ta ci shinkafar bikina ta goya 'ya'yana tukuna, in ma akwai wadda za ta yarda ta auri wannan dogon wuyan. Ta ce duk karatun da na yi ban iya haɗa maganin ƙiba ba? Tana faɗa tana dariya har da hawaye, mayafin ya zame ba ta ko kula ba. Ta ƙwala wa matan gida kira ta ce a naɗe dardumar nan, a kawo wa wannan almubazzarin ɗumamen jiya a tsohon kwano, kada a kuskura a sa masa man shanu. Ranar ta zazzage mini duk abin da ta tara, ni ma na rama gwargwadon iyawata, duk da na sha kaye. Sai bayan la'asar ta kore ni, ta ce in tafi kafin in cinye mata gida.

Har yanzu tana nan da ranta, alhamdu lillahi, kuma har yanzu ita ke cin nasara. Ba zan ce taka-tsantsan da na koyo a waje ba shi da amfani ba, a wurin aiki yana taimakona. Kuskurena shi ne na ɗauka ladabi iri ɗaya ne a ko'ina. Ga 'yan'uwana da ke shirin dawowa, shawarata, in na isa in bayar, ita ce ku tuna wa ke son gaisuwa, wa kuma ke jiran tsiya. Idan kakarku ta tare ku da zagi, kada ku ba ta haƙuri. Ku rama tun tana da ƙarfin ɗaga mafici.